Lambar mabuɗin Office: Abin da ke faruwa bayan faifan kwamfuta ya mutu

Mutane da dama da faifan ajiya na kwamfutarsu ya lalace kan tarar cewa sayen sabon faifai shi ne mafi sauƙi a cikin hidimar.

Wahalar takan biyo baya ne, a lokacin da aka zo sake ɗora manhajar Microsoft Office, na'urar ta tsaya ta nemi wata lamba mai haruffa da alƙaluma 25, wadda mai kwamfutar ya manta inda ya ajiye, ko kuma bai taɓa sa ta a ido ba.

Wasu kuma lambar na hannunsu, sun shigar da ita, amma manhajar ta ce ba ta amince da ita ba, ko kuma ta ce an riga an yi amfani da ita fiye da yadda aka yarda.

Ga ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri, ko mai shagon buga takardu, ko akawun da ke haɗa albashin ma'aikata da Excel, hakan na nufin tsayawar aiki na kwanaki. Wani lokaci kuma yana nufin sake biyan kuɗin abin da aka riga aka saya.

Izini ake saya

Tushen matsalar shi ne yadda kamfanin Microsoft na Amurka, da ma sauran kamfanonin manhaja, ke sayar da hajarsu.

Wanda ya biya kuɗin Office bai mallaki manhajar ba kamar yadda mutum kan mallaki rediyo ko keke. Abin da ya saya shi ne lasisi, wato izinin yin amfani da ita bisa wasu sharuɗɗa, waɗanda suka fayyace yawan na'urorin da za a ɗora ta a kai, da kuma ko za a iya mayar da ita kan wata na'urar.

Lambar mabuɗi ita ce shaidar wannan izini. Ana rubuta ta rukuni biyar, kowane rukuni da haruffa da alƙaluma biyar, da gajeren layi a tsakani.

An tsara ta ne ta yadda za a rage kuskuren karatu, shi ya sa ba a sa wasula irin su A da E da O a ciki, kuma babu alƙaluman 0 da 1 da 5. Duk da haka, idan takardar ta tsufa ko ta koɗe, mutane kan rikita harafin B da 8, ko G da 6, kuma kuskure ɗaya ya isa a yi watsi da lambar baki ɗaya.

Akwai kuma wata lambar daban da manhajar kan nuna a shafin bayananta bayan an ɗora ta, wadda ke zaman lambar shaidar wannan kwafi. Mutane da yawa kan kwafe ta su ajiye da zaton ita ce mabuɗin, alhali ba za a iya ɗora manhaja da ita ba.

Asalin tantancewa

A shekarun 1990, shigar da lambar kaɗai ya wadatar. Babu wanda ke bin diddigin sau nawa aka yi amfani da ita, don haka faifan CD ɗaya kan zagaya ofisoshi da gidaje masu yawa.

Lamarin ya sauya ne a shekara ta 2001, lokacin da kamfanin ya fitar da Office XP a watan Mayu, sannan Windows XP a watan Oktoba. Dukansu biyu sun zo da sharaɗin cewa bayan an shigar da lamba, sai an tuntuɓi kamfanin ta intanet ko ta wayar tarho domin ya tantance ta.

An bai wa mai amfani da Windows XP wa'adin kwanaki 30. Shi kuwa Office XP, da Office 2003 da ya biyo bayansa, sau 50 ake iya buɗe su kafin wa'adin ya cika. An rage adadin zuwa sau 25 a Office 2007, sannan aka koma lissafin kwanaki 30 a Office 2010.

Idan wa'adin ya ƙare ba a tantance ba, manhajar ba ta goge takardun mutum, amma takan taƙaita aikinta. Ana iya buɗe takarda a karanta, sai dai ba a iya gyara ta ko rubuta sabuwa.

Tsarin ya janyo ce-ce-ku-ce a lokacin, inda wasu ke fargabar cewa kamfanin na kwasar bayanan sirrin jama'a. A watan Yulin 2001, wani kamfanin Jamus mai suna Fully Licensed ya wallafa sakamakon nazarin da ya yi wa tsarin na Windows XP, wanda ya nuna cewa abin da ake aikawa shi ne bayanin lasisin, tare da wani taƙaitaccen lissafi da aka samo daga sassan na'urar.

Me ya haɗa faifai da lasisi?

Wannan lissafi shi ne ke zaman tamkar zanen yatsan kwamfutar. A Windows XP, sassa goma ake dubawa wajen haɗa shi. Cikinsu akwai nau'in ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, da girman ma'adanar wucin gadi, da sashen da ke fitar da hoto, da na haɗa na'urar da intanet, da kuma gurbin faifan CD.

Biyu daga cikin goman sun shafi faifan ajiya ne kai tsaye: nau'in faifan kansa, da kuma wata lamba da ake ba shi a duk lokacin da aka goge shi aka shirya shi sabo. Office na wancan zamani ya bi tsari makamancin wannan.

Saboda haka, idan faifai ya mutu, abubuwa biyu ne ke faruwa a lokaci guda.

Na farko, ɗan bayanin da manhajar ta ajiye mai nuna cewa an riga an tantance ta yana cikin faifan ne, don haka ya tafi tare da shi. Dole a sake tantancewa daga farko.

Na biyu, zanen yatsan na'urar ya ɗan sauya. Idan faifan kaɗai aka sauya, yawanci tsarin kan gane cewa kwamfutar nan ce dai. To amma masu gyara kan yi amfani da wannan dama su ƙara ma'adana, ko su sauya wani sashen da ya gaji. Idan sauye-sauyen suka taru, manyan na'urorin kamfanin kan ɗauka wata kwamfuta ce daban ke ƙoƙarin amfani da lambar.

A shekarun 2000, mafita a irin wannan hali ita ce kiran waya. A Windows XP na farko, mutum kan karanto alƙaluma 50 da na'urarsa ta nuna, ya yi bayanin cewa faifansa ne ya lalace, sannan a karanto masa wasu 42 ya shigar. Daga baya kamfanin ya riƙa karkata wannan hidima zuwa intanet.

Lasisi suna suka tara

Ko lamba za ta sake aiki ko ba za ta yi ba, ya danganta ne da irin lasisin da take wakilta.

Akwai lasisin kanti, wanda mutum ya saya da kansa a cikin kwali ko ta intanet. Shi ne mafi sassauci, domin ana iya cire manhajar daga wata na'ura a mayar da ita wata. Wasu nau'o'in ma sun ba da dama fiye da haka, kamar Office Home and Student 2007 da aka yarda a ɗora a kwamfutoci uku na gida ɗaya.

Akwai lasisin da ya zo tare da sabuwar kwamfuta daga masana'anta. Wannan ya fi araha, amma an ɗaure shi da wannan na'ura har ƙarshen rayuwarta. Sauya faifai ba ya soke shi, domin ana ɗaukar babban allon da sassan ke haɗe a kai a matsayin ainihin kwamfutar. Sai dai ba a mayar da shi kan wata na'urar.

Babbar matsalar wannan rukuni ita ce, masana'antu da dama sun daina haɗa kwamfuta da faifan CD, suka koma ajiye kayan sake ɗora manhaja a wani ɓoyayyen sashe na faifan ajiya. Idan faifan ya mutu, ɓoyayyen sashen ma ya mutu.

Akwai lasisin sari, wanda ma'aikatu da bankuna da jami'o'i ke saya domin na'urori masu yawa. Daga Office 2010, ɗaya daga cikin hanyoyin tantance irin wannan lasisi ita ce kwamfutar ta riƙa tuntuɓar wata na'ura ta ma'aikatar, kuma kowace tantancewa kwanaki 180 take yi kafin ta buƙaci sabuntawa. Ma'aikacin da ya bar wurin aiki da kwamfutarsa kan ga manhajar ta ci gaba da aiki na wasu watanni, sannan ta tsaya.

Sai kuma kwafin gwaji. Kwamfutoci masu yawa na zamanin Office 2007 sun zo da manhajar a ciki, amma ta gwajin kwanaki 60 ce. Sitikar da ke manne a jikin irin waɗannan na'urori yawanci lambar Windows ce ke kanta, kuma ba ta buɗe Office.

A ƙarshe akwai lasisin ƙarin girma, wanda aka riƙa sayarwa da rangwame ga masu tsohon samfuri har zuwa Office 2007. Irinsa kan nemi ya ga tsohon samfurin kafin ya yarda a ɗora shi, abin da babu shi a sabon faifai, sai an nemo tsohon faifan CD an nuna masa.

Taƙaddamar shekara ta 2013

Batun lalacewar na'ura ya taɓa tilasta wa Microsoft janye wani sharaɗi da ya gindaya.

Lokacin da aka fara sayar wa jama'a Office 2013 a ƙarshen watan Janairun wannan shekara, an gano cewa hatta lasisin kanti an ɗaure shi da kwamfutar farko da aka ɗora shi a kai. Ma'ana, idan na'urar ta lalace ko aka sace ta, sai mutum ya sake saye.

Masu saye da mujallun fasaha sun yi ta suka, suna zargin cewa wata dabara ce ta tura jama'a zuwa tsarin biyan kuɗi shekara-shekara na Office 365, wanda aka ƙaddamar wa gidaje a daidai wannan lokaci.

A ranar 6 ga watan Maris na 2013 kamfanin ya ba da kai. Sabon sharaɗin ya ba da damar mayar da lasisin kan wata kwamfuta sau ɗaya a cikin kwanaki 90, ko ma kafin hakan idan lalacewar na'ura ce ta jawo.

Wani sauyin da ya zo a wannan zamani ya fi wannan tasiri. Daga Office 2013 zuwa samfuran da suka biyo baya, lambar da ɗaiɗaikun mutane suka saya sau ɗaya ake shigar da ita, inda ake haɗa ta da asusun Microsoft na mai sayen, wato adireshin imel da kalmar sirri.

Daga wannan rana, asusun ne ke riƙe da lasisin. Wanda faifansa ya mutu ba ya buƙatar lambar. Zai shiga asusunsa ne a shafin account.microsoft.com, ya duba jerin abubuwan da ya saya, ya sauko da manhajar daga can.

Wanda bai san da haka ba kan sake shigar da lambar da ke jikin katinsa, sai a sanar da shi cewa an riga an yi amfani da ita. Saƙon gaskiya ne, kuma shi da kansa ne ya yi amfani da ita.

To sai dai sabon tsarin ya haifar da tasa matsalar. Mutane da yawa ba sa tuna wane imel suka yi amfani da shi shekarun baya. Wasu kuma mai shago ne ko wani ɗan'uwa ya ɗora musu, ya haɗa lambar da nasa asusun. A idon kamfanin, mai asusun ne mai lasisin.

Ko za a iya ciro lambar daga mataccen faifai?

Amsar ta danganta da yadda faifan ya lalace, da kuma samfurin Office da ke cikinsa.

Sau da yawa abin da ake kira mutuwar faifai bai kai mutuwa ba. Mai yiwuwa sashen da Windows ke tashi daga gare shi ne ya lalace, amma sauran na nan. A irin wannan hali, ana iya cire faifan a haɗa shi da wata kwamfuta a matsayin faifan waje, a kwashe abin da ke ciki.

Tsofaffin samfura irin su Office 2003 da 2007 na ajiye cikakkiyar lambar a wata ɓoyayyar siga cikin rajistar Windows. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta da aka daɗe da sani wajen karanto ta, kamar ProduKey da Magical Jelly Bean Keyfinder da Belarc Advisor. Ita ProduKey tana iya karanta rajistar faifan da aka haɗa daga waje.

Amma daga Office 2013, haruffa biyar na ƙarshe ne kawai ake iya gani a cikin na'ura. Ba su isa a ɗora manhaja ba, ko da yake suna da amfani ga mai katuna da yawa, wajen gane wace lamba ce ta wace kwamfuta.

Idan kuwa faifan ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa shi, ko kuma ya daina juyawa, to lalacewar ta shafi sassan da ke motsi a cikinsa. Ci gaba da kunna shi kan ƙara ɓata fuskar da bayanai ke kai. Kamfanonin da ke ceto bayanai daga irin wannan faifai suna buɗe shi ne a ɗakunan da aka tace ƙura daga iskarsu, kuma kuɗin aikin kan ninka na lasisin Office, don haka ba domin lambar ake zuwa wurinsu ba, sai domin takardun da ba su da madadi.

Wani abin lura shi ne, sababbin kwamfutoci da dama na kulle abin da ke cikin faifansu da tsarin BitLocker. Idan aka haɗa irin wannan faifai da wata na'ura, ba zai buɗu ba sai da wata lambar daban mai alƙaluma 48, wadda ita ma yawanci a asusun Microsoft ake ajiye ta.

Halin da ake ciki a Najeriya

A ƙasashe irin su Najeriya, inda kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suka cika kasuwanni kamar Computer Village ta Ikeja a Legas, matsalar kan ɗauki wani salo.

Mai saye kan karɓi na'urar da Word da Excel a ciki suna aiki, ba tare da an ba shi kati ko rasit na manhajar ba, kuma ba kasafai ake tambaya ba. Ranar da faifan ya mutu ne yake gane cewa tun asali babu wani lasisi da sunansa.

Ƙungiyar BSA, wadda ke wakiltar manyan kamfanonin manhaja, ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da aka ɗora a kwamfutoci a Najeriya a shekarar 2017 ba su da lasisi, yayin da adadin ya kasance kashi 37 cikin 100 a duniya baki ɗaya.

Ɗaukewa da dawowar wutar lantarki ba zato na ƙara dagula lamarin, musamman ga kwamfutocin tebur da ba su da batir. Yankewar wuta a daidai lokacin da faifai ke rubutu kan lalata bayanai, kuma ƙarfin wuta fiye da kima kan ƙona allon da ke sarrafa faifan.

Araha ba ta ado

Wanda ya rasa lambarsa kan ci karo da tallace-tallace a intanet na lambobin Office a kan farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ainihin kuɗin ba.

Sayar da lasisin da aka yi amfani da shi ba laifi ba ne a ko'ina. A watan Yulin 2012, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar da ke tsakanin kamfanonin UsedSoft da Oracle cewa wanda ya sayi lasisi na dindindin na da damar sayar da shi, muddin ya daina amfani da nasa kwafin.

Sai dai yawancin lambobi masu arahar gaske ba ta wannan hanya suke fitowa ba. Akwai na sari da aka ɓallo daga ma'aikatu da makarantu, akwai kuma lamba ɗaya da ake sayar wa mutane da yawa. Irinsu kan yi aiki a ranar farko, amma su ƙi aiki a karo na biyu, domin adadin tantancewar da aka ware musu ya ƙare, ko kuma kamfanin ya toshe su.

Toshe lambobi ba sabon abu ba ne. Wata lambar sari ta Windows XP da ta fara da haruffan FCKGW ta bazu a intanet tun kafin a fara sayar da manhajar a 2001, kuma kamfanin ya sanya ta cikin jerin waɗanda ya haramta a babban gyaran farko da ya fitar a 2002.

Hanya mafi haɗari ita ce ta manhajojin da ke yaudarar Office ta ɗauka an tantance ta. Yawanci sai an kashe manhajar kariya kafin su yi aiki, abin da ke buɗe ƙofa ga masu kutse. A watan Disamban 2021, kamfanin tsaron intanet na Red Canary ya bayar da rahoton cewa ana rarraba wasu kwafe-kwafen KMSPico ɗauke da wata muguwar manhaja mai suna CryptBot, wadda ke satar kalmomin sirri da bayanan asusun kuɗin intanet.

Samfuran da aka daina kulawa da su

Ko da an samo tsohuwar lamba, akwai tambayar ko ya dace a koma kan tsohon samfurin.

Microsoft ya daina fitar da gyare-gyaren tsaro ga Office 2003 a watan Afrilun 2014, ga Office 2007 a watan Oktoban 2017, ga Office 2010 a watan Oktoban 2020, ga Office 2013 kuma a watan Afrilun 2023. Wa'adin Office 2016 da na 2019 ya ƙare ne a ranar 14 ga watan Oktoban 2025, rana ɗaya da na Windows 10.

Lasisin waɗannan samfura bai mutu ba, kuma suna iya ci gaba da aiki. To amma duk wata kafa da masu kutse suka gano a cikinsu bayan waɗannan ranaku ba za a toshe ta ba, kuma takardun Word da Excel da ake aikowa ta imel na daga cikin sanannun hanyoyin yaɗa miyagun manhajoji.

Bugu da ƙari, kamfanin ya daina bayar da damar sauko da tsofaffin samfura irin su Office 2010 daga shafinsa. Mai lamba ba tare da faifan CD ba kan faɗa hannun shafukan da ba a san abin da suka cusa a cikin manhajar ba.

Faifai ba ya sallama

Faifan ajiya na gargajiya na'ura ce mai motsi. A cikinsa akwai fayafayai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansu yana karatu da rubutu. Duk abin da ke motsi haka yana da ranar gajiya.

A watan Fabrairun 2007, injiniyoyin kamfanin Google sun gabatar da wani nazari da suka yi kan fayafayai sama da 100,000. Sun gano cewa kashi 1.7 cikin 100 ne ke lalacewa a shekarar farko, amma adadin kan haura kashi 8 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka shekara uku.

Nazarin ya kuma nuna cewa faifan da ya nuna kuskuren farko yayin binciken fuskarsa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwanaki 60 ta ninka ta sauran sau 39. Sai dai kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba a tsarin gargaɗin da ke cikinsu.

Sababbin ma'adanai na SSD ba su da sassa masu motsi, kuma sun fi jure jijjiga da faɗuwa. Amma su ma suna mutuwa, kuma idan suka mutu, ceto abin da ke cikinsu kan fi wuya.

Matakan riga-kafi

Abin da duk wannan ke nunawa shi ne, shaidar lasisi ba ta da amfani idan a cikin kwamfutar kaɗai aka ajiye ta.

Mai tsohon samfuri na buƙatar rubuta lambar a takarda, ya ɗauki hoton katin ko sitikar tun kafin ta koɗe, ya kuma haɗa da cikakken sunan samfurin, domin lambar Home and Student ba ta buɗe Professional, ta 2007 kuma ba ta buɗe 2010.

Mai sabon samfuri kuwa, abin da zai adana shi ne adireshin imel ɗin da aka haɗa lasisin da shi, da kalmar sirri, da kuma lambar wayar da ake turo saƙon tabbatarwa. Wanda ya sauya layin waya bai sabunta bayanin a asusunsa ba na iya samun kansa a waje. Idan mai shago ne zai ɗora manhajar, ya kamata a yi hakan da asusun mai kwamfutar, kuma a gabansa.

Rasit ma na da muhimmanci, domin shaidar saye ce ake fara nema idan aka kai koke.

Masu biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara a tsarin da aka sauya wa suna zuwa Microsoft 365 a watan Afrilun 2020 ba su da matsalar lamba, tunda shiga asusu kawai suke yi. Sharaɗinsu shi ne na'urar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya a kimanin wata guda, kuma idan biya ya tsaya, manhajar kan koma ta karatu kawai.

Ga wanda lasisinsa ya salwanta kuma ba shi da halin sake saye, akwai hanyoyi na halal da ba sa buƙatar kuɗi. Manhajar LibreOffice, wadda aka kafa a 2010 daga tushen OpenOffice, kyauta ce, ba ta neman lamba, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint, ko da yake tsarin wasu takardu masu sarƙaƙiya kan ɗan sauya. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocinta kimanin 30,000 kan wannan manhaja.

Akwai kuma Google Docs, da sassauƙan samfurin Word da Excel da Microsoft ke bayarwa kyauta a intanet ga duk mai asusu.

Manhaja dai ana iya sake samunta ko a maye gurbinta da wata. Kundin ɗalibi da littafin lissafin ɗan kasuwa su ne ba a sayar da su a kanti, kuma mai su ne kaɗai zai iya ajiye kwafinsu a wani wuri daban tun faifan na da rai.